Lambun Illo a Gindin Shato

Akwai laifin da mutane ba su cika kiransa laifi ba, don mai yinsa ba ya ɗaukar komai ya sa aljihu. Shi ne mutum ya ga abin jama'a yana ciwo, ya rufe ciwon, saboda yana da ɗan amfaninsa a ciki. Wannan laifi Illo ya yi a Kalgo Biyu, kuma ya biya shi har ƙarshe.

Kalgo Biyu gari ne a kan tudu, in ka bar kwalta a Dogon Dutsi ka kama hanyar Dogon Kiriya. Rijiyarsa mai zurfi ce, sai jaki ke jan guga. Saboda haka ranar da aka kafa musu shato, wato babban tankin ƙarfe mai ƙafafu huɗu da ke tara ruwa yana raba wa famfunan gari, mata sun yi guɗa har muryoyinsu suka dushe. An daɗe da yin wannan. Jariran da aka goyo zuwa kallo a ranar, yanzu su ke da ƴaƴa a lakwal, wato makarantar boko.

Illo aka ba gadi tun farko, aka gina masa ɗaki kusa da shaton a bayan gari. Aikinsa bai da yawa, amma yana son mutum mai tsoron Allah: ya buɗe ruwa da safe, ya rufe da yamma, ya goge faifan hasken rana da ke tuƙa injin jawo ruwa, ya hau tsani ya leƙa ciki, in ya ga abin da bai gane ba ya faɗa wa kwamitin ruwa. Ya yi shekaru yana yin haka babu wanda ya kama shi da ha'inci.

Yoyon ya fara ne da ɗigo. A ƙarƙashin tankin, inda aka haɗa ƙarfe biyu da walda, tsatsa ta ci, ruwa ya riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Balki ta fara gani. Ta ajiye tasa tana tara wa kaji. Da ta ga tasar tana cika tana malala, sai ta tona wurin ta binne ƴaƴan lemun tsami, ta ce ruwa ba ya zuba a ƙasa banza ita tana kallo. Lemun ya tsiro. Bai kai ga yin ƴaƴa ba Balki ta kwanta ciwo, aka kai ta likita a Dogon Dutsi, aka dawo da ita a naɗe. Ɗansu ɗaya ne, Rabilu, ya tafi Kwatano neman kuɗi, ya yi aure can. Yakan kira a waya wajen sallah, ya gaisa, ya ce layi ba kyau.

Ɗigo ya zama zirara. Illo ya ja ƴar hanya da hauya, ya dasa zogale, ya dasa gwaiba, ya yi kwamin yakuwa da tattasai. A garin da ko dogon yaro sai an yi masa lallashi yake tsayawa, sai ga wuri kore shar a gindin shato, ƙasa da sanyi ko ana tsakiyar bazara. Dattawa suka gano wurin. Jibrilla, shugaban kwamitin ruwa, wanda kowa ke kira Perzidan, shi ya fara kawo tabarmarsa. Aka tona ramukan dara, aka kawo butar shayi. Daga azahar zuwa magariba Illo ba ya rasa murya a kusa da shi. In rana ta faɗi suka watse, ya shiga ɗakin da babu kowa, yana da abin jira: gobe ma za su zo.

Duk suna jin ruwan yana zuba musu a gefen tabarma. Babu wanda ya ɗaga kai ya tambaya.

Sai Hamsatu. Ita ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma ita ke tsaron famfon ƙarshe a ƙofar yamma, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha. Takan biyo ta wajensa in za ta gona.

"Bawana, lambu ya yi kyau," in ji ta wata rana. "Famfona ko sai tari yake, awa tsohon da ya shaƙi taba."

"Wa ab bawanki? Ke da aka ba ni ke kyauta na ce a ƙara da akuya."

"Akuyar ma ƙin ka ta yi. Ka ga ruwan da na tara yau?" Ta miƙa masa kwano. Ruwan ya yi ja-ja, da ƴan ɓarɓashi kwance a gindi. "Wanga shayi ne ko ruwa? Ka hwaɗa wa Perzidan su kira masu gyara."

"Tiyonki ne ya tsufa, awa mai shi."

Ta tsinke lemu biyu ba ta tambaya ba, ta wuce tana dariya. Shi ma ya yi dariya, amma da ta ba da baya ya zubar da ruwan kwanon a gindin zogale, ya sa ƙafa ya rufe da ƙasa.

Bayan girbi labari ya zo. Ma'aikatar ruwa za ta aiko a duba tsofaffin shato na yankin, wanda ya fi lalacewa shi za a fara gyarawa: a kankare tsatsar ciki, a yi walda, a shafa fentin da ba ya cutar da mai sha. An kira Jibrilla a waya, aka ce kafin ranar zuwa a zubar da ruwan tankin duka, don a shiga ciki a ga gindinsa.

Illo ya ji an riga an gyara wani a garin da suke cin kasuwa. Ranar kasuwa ya hau amalanke ya je ya gani da idonsa. Tankin yana ƙyalli. An dama siminti an shafe ƙarƙashinsa, an kewaye shi da waya, an sa ƙofa da kwaɗo. Ko ɗigo babu. Mai gadin yana zaune a waje kan tsohon bulo, ya lulluɓe kai da rawani don rana.

"Ina itacen da ke nan da?" Illo ya tambaye shi.

"Sun sare. Sun ce saiwa da danshi su ke cin gindin ƙafafu."

"To wa ke zo maka hira?"

Mai gadin ya nuna da haɓa. Akuya ce kwance a ƴar inuwar ƙofa.

Illo bai sayi komai a kasuwar ba. Da ya dawo gida la'asar ta yi, dattawa na tsakiyar dara, Jibrilla yana rantsuwa an sace masa ɗa. Ya zauna ya jingina da lemun Balki yana kallonsu. Ya ƙidaya a ransa abin da zai rage in an zuba siminti a nan: shi, da makulli, da ɗaki. A nan Shaiɗan ya same shi, kuma bai sha wahalarsa ba.

Mutanenmu suna da al'ada, in baƙo na hanya sai a yi yaɓe, a share ƙofar gida, a ɓoye tsohuwar tabarma. Al'ada ce mai kyau. Illo ya ɗauke ta ya yi ɓarna da ita.

"Perzidan," ya ce, "baƙi za su taho daga Dogon Dutsi su iske shatonmu ja wur da tsatsa. Mi za su ce da mutanen Kalgo Biyu? Su ce an ba mu abu ba mu iya riƙo ba."

Jibrilla ya ɗaga kai ya dubi tankin, karo na farko cikin dogon lokaci. "Wallahi ka yi magana. Amma kwamiti ba shi da abin sayen fenti."

"Ragona na nan."

Gari ya ɗauka Illo ya sayar da ragonsa don mutuncin jama'a. Har liman ya yaba masa bayan sallar Juma'a. Ya dawo daga Dogon Dutsi da gwangwanayen fenti, samari suka hau suka shafe tankin shuɗi da fari. Abin da ba su gani ba shi ne ƙaramin buhun da ya ɓoye a ɗaki, mai ɗauke da kwalta da robar cikin tayar mota. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, ya rage ruwan tankin, ya taka reshen lemu, ya cusa robar a tsagar, ya narka kwalta ya liƙe, ya bi da fenti. Ya janyo rassa ya ɗaure su inda za su tare wurin. Ya kwaso busasshen yashi ya rufe hanyar ruwan da ya ja da hauya.

Saura zubar da ruwa. Wannan ma ya sami hanyarsa.

"In muka zubar, gari ya kwana ya wuni babu ruwa, ga sunan jikan maigari. Baƙi su iso su ga matanmu da jakai bakin rijiya? Su leƙa ta sama mana, ai ido gare su."

Jibrilla ya ce haka ne. Aka cika tankin har baki.

Wadda aka aiko mace ce, Madam Huguette, ƴar wani gidan Kirista na wajen mishan a Dogon Dutsi, ta yi karatun aikin ruwa a Yamai. Ta sauko daga mota da wandon aiki da hular kwano, ta durƙusa ta gaida dattawa da Hausar gida. An shimfiɗa mata tabarma a lambun, mata sun kawo fura, Hamsatu na cikinsu. Ta sha kaɗan ta tashi ta hau tsani. Ba ta daɗe ba ta sauko, fuskarta babu fara'a.

"Perzidan, ba a ce muku a zubar da ruwan ba?"

Jibrilla ya kawo zancen suna, ya kawo zancen baƙi. Ta saurara har ya gama.

"Na haska fitila, ban ga komai ba sai jan ruwa. Ciwon shato a gindi yake, kuma gindin ne kuka rufe mini."

Ta zagaya ƙafafun, ta ƙwanƙwasa da guduma. Ta ɗaga kai tana bin walda da ido, rassan lemu suka tare ta inda aka nufa su tare ta. Ta dubi zogale, ta dubi gwaiba, ta juyo wajen Illo.

"Baba, wanga lambu da mi yake sha?"

"Ruwan da ke malala bakin famfo nake kwasowa, ɗiyata. Da na wankin faifai. Tsoho ba shi da aiki."

"Baba, ka ji ni da kyau. Ba kunya na zo ba ku ba. Shato sun yi yawa, abin gyara kaɗan ne, wanda ya fi ciwo shi ake fara ɗauka. Gobe ina wajen Tibiri, jibi wani wuri. In na wuce ku, ban san ranar da layi zai dawo kanku ba. Kai ke kwana da shi. Yana yoyo?"

Dattawan da suka yi shekara da shekaru suna janye tabarma don kada ta jiƙe, kowa ya sa ido a ƙasa, suna ganin ba a tona asirin gida gaban baƙo. Hamsatu ta buɗe baki. Ta dubi maigari, ta dubi liman, ta dubi ɗan'uwanta, ta mayar da bakin ta rufe. Mace ba ta ƙaryata namijin danginta a gaban taro, haka aka koya mata.

Illo ya dubi lemun.

"Ba ya yoyo," ya ce.

Madam Huguette ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce to, Allah ya sa haka ne, ta yi sallama ta shiga mota.

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba gari ya shiga murna, an fita kunya. Illo ya jira kowa ya watse. Ganyen yakuwa ya riga ya fara langaɓewa. Ya ɗauki ƙusa ya hau reshe, ya ɓamɓare gefen kwaltar don ruwa ya ɗan samu hanya. Ƙusar ta shige fiye da yadda ya nufa. Ƙarfen ya yi laushi kamar ɓawon gurasa.

Yana saukowa ya ga Hamsatu tsaye, ta dawo ɗaukar ƙwaryarta.

"Ga baiwata ta dawo satar lemu," ya ce.

"Yau ba ni wasa da kai, Illo."

Bai taɓa jin ta kira sunansa haka ba.

"Na yi shiru don kada a ce ɗiyar kawunka ta tsiraita ka. Motar ba ta yi nisa ba, Perzidan na da lambarta. Tahi ka ce a kira ta."

"In ce mi? In ce na yi ƙarya gaban liman?"

"Ka ce abin da yake."

"Za su sare shi, Hamsatu." Ya dafa itacen. "Ita ta dasa shi. In suka zuba siminti a nan, wa zai ƙara takowa? Ke kina da jikoki cike da tsakar gida. Ni in magariba ta yi, tarina kawai nake ji."

"Na san da haka. Amma ruwan ba naka ba ne, ba na Balki ba ne."

Ta ɗauki ƙwaryarta. Ba ta taɓa lemu ba. Daga ranar, in za ta gona sai ta zagaya ta bayan maƙabarta.

Sanyi ya wuce lafiya. Lambu ya yi kyan da bai taɓa yi ba, don ruwan yanzu da ƙarfi yake zuba. Ana dara, ana shayi. Motocin masu gyara suka riƙa wucewa ta hanyar gari da ƙarafa da buhunan siminti, suna tafiya garuruwan da suka nuna ciwonsu.

Bazara ta shigo da zafinta. Wata rana bayan azahar, rana ta take, injin ya cika tankin har baki, aka ji ƙara kamar an yaga sabon yadi. Jibrilla ya ɗaga kai, ya ce a gudu. Dattawa suka watse, wani ba takalmi, wani ba hula. Gindin tankin ya tsage daga wajen liƙin har gefe, ruwan gari duka ya sauko lokaci ɗaya. Ƙafar da ke wajen lambun, wadda danshin shekaru ya cinye gindinta, ta durƙusa, tankin ya karkace ya tsaya a haka. Allah ya tsare, babu wanda ya mutu. Ruwan ya kwashe kwamin yakuwa, ya tumɓuke zogale, ya tsaga lemun biyu. Kafin la'asar yashi ya shanye komai.

Washegari mata suka koma rijiya. Aka nemo tsofaffin igiyoyi, aka ɗaure wa jakai. Ƴan mata suka daina zuwa lakwal da safe. Masu awaki suka fara sayarwa da arha don babu abin ba su.

Madam Huguette ta dawo da aka kira ta. Ba ta zauna a tabarma ba. Ta shiga ƙarƙashin tankin, ta sa hannu ta zaro baƙar roba mai kwalta, da shuɗin fenti a bayanta. Ta riƙe ta inda kowa zai gani. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da kun nuna mini wannan, da ku ne na farko. Da walda da siminti sun ishe shi. Yanzu ba ya gyaruwa, sai sabo, kuma sabo ba ya cikin abin da aka ba mu bana." Ta juya wajen Illo. "Baba, na tambaye ka."

Jibrilla, wanda ya fi kowa shan inuwar wurin, shi ya fi kowa faɗa. Ya karɓi makulli daga hannun Illo a gaban jama'a, ko da yake makullin ba abin da zai ƙara buɗewa.

Ba a doke shi ba, ba a kai shi jandarma ba. Mutanen garin sun san da bakinsu a ciki, don haka ba su son ganinsa. In ya yi sallama a amsa a taƙaice. A masallaci a matsa masa wuri fiye da yadda yake bukata. Masu dara suka koma rumfar mai shayi a bakin kasuwa, ba wanda ya ce kada ya zo, ba kuma wanda ya kira shi.

Rabin lemun ya rage a tsaye. Illo ya sami bido, wato jarkar ruwa, ya riƙa zuwa rijiya yana bin layi cikin mata, tsoho da furfura. In ya iso hira ta tsaya. Wata rana ya faɗo bayan Hamsatu. Famfonta ya rufe, abin da take samu a wurin ya yanke, igiya ta kumbura mata tafin hannu. Ta kama gugan da jaki ya jawo ta cika masa bidon ba ta dube shi ba.

"Na sha ne, ko na itace?" ta tambaya.

Ya sunkuya ya kama hannun bidon.

"Ɗauki ka tahi," ta ce.

Rabin ruwan yake sha, rabi ya zuba wa lemun. Itacen da ya saba da ruwa dare da rana bai ji wannan ba. Ganye ya naɗe ya zube, ɓawo ya tsage. Kafin ruwan farko ya sauka ya bushe har saiwa.

Gari ya sha rani biyu a bakin rijiya kafin a kafa sabon shato. An kafa shi a gabas, can nesa, aka ja sabon tiyo, aka ba wani gadi. Tsohon kuwa masu walda suka zo suka yanka shi gunduwa-gunduwa suka loda a mota. Rabilu ya ji labari a Kwatano daga bakin ƴan gari, sallah ta zo ta wuce bai kira ba.

Illo yana nan a ɗakinsa na bayan gari, ga kututturen siminti huɗu a ƙofa, babu hanyar kowa da ta bi ta nan. Ga abin da ya rasa, a lissafa shi a fili: ya rasa ragonsa, ya rasa gadin da ya tsufa a kai, ya rasa yabon da liman ya yi masa, ya rasa zogale da gwaiba da kwamin yakuwa, ya rasa masu dara, ya rasa wasan Hamsatu, ya rasa muryar ɗansa a waya, ya kuma rasa lemun Balki, wanda dominsa ya yi ƙaryar.